Daga Gusau zuwa Anka da kyamara a jaka

Duk wanda ya san hanyar Funtuwa zuwa Gusau a 'yan shekarun nan ya san ba a yi mata sammako, kuma ba a bari yamma ta yi maka a kanta. Direbanmu sai da rana ta ɗaga sosai sannan ya tada mota, wai a bari jami'an tsaro su fito tukuna, kuma tun daga 'Yankara har muka wuce Tsafe babu mai hira a motar nan, kowa bakinsa na motsi, wata mata a bayana sai Hasbunallahu take ja ba tsayawa. Sai da dutsen Kwatarkwashi ya bayyana sannan aka fara jin muryar mutane, wani ya buɗe rediyo, wani ya fara faɗa da kwandasta a kan canji.

Ni dai mai hoton biki ne a Zariya, kamu da dina da walima, da shi nake ci da iyali. Abin da ya ɗaga ni zuwa Zamfara wani abu ne da ya daɗe yana damuna. Duk hoton 'yan gudun hijira da za ka gani a Facebook kusan iri ɗaya ne, mace ta zabga tagumi, yaro ba riga ƙuda na bin idonsa, tsoho na kallon ƙasa, sai mutane su yi ta rubuta Allah sarki a ƙasa, wani ya ce ai labarin zuciya a tambayi fuska, hoto ba ya ƙarya. To ni da nake tsayawa gaban amaryar da ta kwana tana kuka in ce mata ɗan yi murmushi mana, ta yi, hoton ya fita tsaf kowa ya ce masha Allah ta samu wanda take so, na san fuska ana iya yin odar ta. Shi ne na ce bari in je in gani da idona.

A Gusau wajen wani abokina malamin makaranta na sauka, ƙanwarsa kuma ma'aikaciyar lafiya ce, ita ta zama 'yar jagorata, don gaskiya namiji baƙo da kyamara ba zai kutsa cikin matan mutane haka kawai ba. Ta kai ni wasu kangaye a gefen gari, gidajen da masu su suka fara gini suka bari, ba ƙofa ba taga, an rataya buhu da tsohuwar atamfa a madadin labule. Akwai mutanen yankin Ɗansadau, akwai na wajen Zurmi da Shinkafi da Maradun, kowa da ranar da ya baro gida da abin da ya baro.

Da muka shiga mata na zaune suna gyaran tafasa, ana ta shewa, wata na tsokanar wata a kan wai ta iya cin bashi ba ta iya biya ba. Wallahi ina zuge jaka na fito da kyamara, kafin in cire murfin idonta wurin ya canza. Dariya ta ɗauke. Mai tsokanar nan ta sa hannu a kunci, wata ta shiga ɗaki ta jawo yaron da ya fi kowa rama ta tsayar da shi a gabana, wata ta janye kwanon da ke da sauran tuwo ta tura bayan turmi. Babu wanda ya ce su yi, ni ko sallama ban gama amsawa ba.

Kada wani ya ce ƙarya suke yi. Yunwar gaskiya ce, yaron nan ramarsa gaskiya ce. Amma an koya musu cewa wannan fuskar ita ce ake saye, masu zuwa da kyamara da farar mota ita suke nema, wanda ya yi dariya ba a rubuta sunansa. Wata dattijuwa ta faɗa min kai tsaye, ta ce "ɗana, an ɗauke mu ba adadi, kowa ya zo shi ɗauka shi tahi, ba mu ga komi ba, ko hoton ba mu gani ba." Na ce Inna ni ban zo da shinkafa ba, ban zo da fom ba, hoto kawai na iya, kuma wanda na ɗauka zan wanke masa ya riƙe abinsa. Ta kalle ni sama da ƙasa ta ce to mi ad amfaninka. Aka kwashe da dariya, ni ma na yi, na mayar da kyamara jaka.

Ranar ban ɗauki komai ba. Na zauna a kan bulo aka kawo min hoce da ƙuli, na ci, kuma duk wanda bai saba da hoce ba ya tanadi ruwa kusa. Na yi ta komawa har yara suka daina bina a baya suna mai hoto mai hoto, wanda shi ne alamar ka fara zama ɗan gida.

Wanda ya fara yarda wani tsoho ne, dogo, mai tsagen Zamfarawa a kumatu, kullum yana bakin zauren kangon yana tufka igiya. Ya ce "hoton mi za ka yi man, na tallahi ko na mutane?" Na ce Baba na mutane. Ya ce to dakata. Ya tashi ya shiga, na fi rabin awa ina jira, ashe aika yaro ya yi can wani kango a aro masa babbar riga wajen wani ɗan garinsu, shuɗiya ce ta sha wanki har ta fara fari a kafaɗa, ya sa aka goge masa hula da hannu, ya wanke ƙafa, ya shafa mai, ya sa kwalli. Da ya fito sai da matan suka yi guɗa. Ya ce a kawo masa kujera ba zai zauna ƙasa ba, babu kujera a gidan kaf, aka kifa turmi aka shimfiɗa darduma a kai. Ya zauna ya baje rigar, ya ɗora hannu biyu a gwiwa, ya ɗaga haɓa.

Ya ce min "ni da kaka gani, rumbu ukku gare ni a gida, da shanun huɗa, ban taɓa auna hatsi a kasuwa ba sai da munka taho nan." Yana faɗa yana kallon cikin kyamara, ido cikin ido, ba ya ƙiftawa. A nan na danna. In ka ga hoton ba za ka ce Allah sarki ba, sai dai ka gyara zama, don mutum ne ke kallonka wanda ya san ko shi waye kuma yana jin haushin inda ya tsinci kansa. Fushi ne da girman kai da gajiya a haɗe, kuma da na ɗauke shi a sace yana tufka da yagaggiyar riga da duk ban samu wannan ba, da na samu irin hoton da kowa ke da shi.

Ga masu sana'a irina, abu biyu na lura da su a wurin. Rana tsaka ba ta yi wa baƙar fata adalci, ido ya faɗa rami, goshi ya yi ƙyalli, in kuma mace ta sa farin hijabi kyamara sai ta bi hasken hijabin ta dusashe fuskar. Bakin zaure ya fi ko'ina, mutum na daga ciki kaɗan haske na shigo masa ta gefe, ba fulash ba komai. Sannan tsayin da ka tsaya. Yawancin hotunan tausayi daga sama ake ɗaukarsu, mai hoto na tsaye wanda ake ɗauka na ƙasa yana ɗago kai, to ko sarki ka ɗauka a haka sai ya koma mai roƙo. Ni durƙusawa nake har idon kyamara ya zo daidai idon mutum ko ƙasa da shi kaɗan, kuma da gilashin kyamara mai lamba 50 nake aiki, wanda ba ya jawo abu daga nesa, dole in matso kusa ya san ina nan. Wandona ya sha ƙasa amma ba komai.

Wannan ba sabon ilimi ba ne ma. A Bamako akwai wani mai hoto Seydou Keita da ya buɗe shagonsa a 1948, yana ajiye rediyo da agogo da babur da kayan sawa a shagon, talaka ya zo ya zaɓi abin da yake so a gan shi da shi, a rataya atamfa a bayansa a ɗauka. Yau hotunan nan suna manyan gidajen adana kayan tarihi a Turai da Amurka. Wani zai ce ai rediyon ba nasa ba ne, hoton ƙarya ne. Ni kuwa ina ganin abin da mutum ya zaɓa a gan shi da shi yana faɗa maka abin da ke ransa fiye da tsummar da talauci ya zaɓa masa. Ka tuna fa mutanen nan yawancinsu hoton da suka taɓa mallaka a duniya na katin zaɓe ne ko na katin ɗan ƙasa, wanda ake ce maka kalli nan kar ka motsa.

Ina da 'yar ƙaramar firinta mai batir da ke fitar da hoto girman tafin hannu. Da na miƙa wa Baba nasa ya daɗe yana dubawa, ya juya bayansa ya sake juyowa, ya ce ashe na tsufa haka. Daga nan fa layi ya kafu. Mata suka shiga aron mayafi da ɗan kunne a junansu, mayafi ɗaya ja mai duwatsu ya fito a hoton mata da yawa har na daina lissafi, ana ta ke miƙo jan nan in kin gama.

Amma wata ta sa na sake tunani a kan maganar fuska ɗin nan gaba ɗaya. Matashiya ce ba ta wuce talatin da 'yan kai ba, 'yar jagorata ta raɗa min cewa ɗanta na fari aka kashe a gona. Kun san halinmu, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta nuna shi a gaban mutane, to ko da ya mutu kunyar ba ta mutu ba. Na ce mata baiwar Allah ya haƙuri, ta ce haƙuri sai ma'aiki, lahiya lau, sai godiya. Ta zauna ta yi murmushi mai kyau, irin wanda amare na ke kasa yi. Fuskar nan ba ta ba ni komai ba, a rufe take ruf. Sai da na zo duba hotunan da dare a gidan abokina na ga hannunta, ta damƙe bakin mayafi ta murɗe shi a yatsa har kan yatsan ya yi fari, jijiyoyin bayan hannun sun tashi. A duk hotunan da na yi mata hannun haka yake. Mu mutane ne da aka yi wa tarbiyyar dauriya da kara, fuska ita aka fi horarwa tun ana yara, kar ka yi kuka gaban mutane, kar ki nuna. Saboda haka mai neman labarin zuciyar Bahaushe a fuska kawai zai sha wuya, wani lokacin hannu ne ke tona asiri, ko yadda aka zauna a gefen tabarma, ko inda ido ke gudu in an ambaci sunan wani gari.

Daga baya na ce sai na ga Anka. Abokina bai so ba, matarsa ma ta ce wai me na ajiye a can, amma an samu motar kasuwa da ake tafiya a jere, muka bi ta Bunguɗu da Maru muka karya a Mayanci. Ba zan ɓata lokaci a kan hanyar ba, shingaye ne da gonakin da ba a noma ba da ƙauyukan da ba ka ganin ko akuya. Jihar da takenta noma ne abin alfaharinta.

Anka tsohon gari ne, nan Sarkin Zamfara yake, kuma sunan da duniya ta sani da shi tun 2010 shi ne gubar dalma. A shekarar ne aka gano yara na mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, daga baya Bagega. Mutane na haƙo dutsen zinare su kawo gida, a niƙa shi a injin niƙa, a daka a turmi, a shanya a tsakar gida, ashe dutsen cike yake da dalma, ƙurar ta bi ƙasa ta bi abinci, yara masu rarrafe su sa hannu a baki. Yara sama da 400 suka rasu. Ƙungiyar likitocin nan ta MSF ita ta yi ta ba yara maganin da ke fitar da gubar daga jini, kuma sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, ta Bagega ma sai 2013 aka yi. Waɗanda suka rayu wasu gubar ta riga ta taɓa ƙwaƙwalwa, kuma wannan ba ya gyaruwa.

Ɗaya daga cikinsu na samu, ta hanyar wani ɗan uwan 'yar jagorata. Lokacin abin yana goye, yanzu saurayi ne har gashin baki ya fara fitowa, amma ba ya magana sai sauti, wuyansa ba ya tsayawa sosai, yawu na zuba. Na nemi izinin mahaifinsa a waje, ya ce shiga ka tambayi uwar, ita ke wahala da shi. Uwar ta ce in dawo bayan la'asar. Da na dawo ta yi masa wanka, ta sa masa yadi ruwan toka na sallah, an yi masa aski. Ta zaunar da shi a bakin ƙofa ta tsaya a gefe inda ba za ta fito ba, da tsumma a hannu, duk bayan 'yan daƙiƙu ta miƙo hannu ta goge masa baki ta janye. Ta ce "Malam, kar ka ɗauka sai na goge." Na ce to Inna.

Muka yi ta yi, ta goge in saita kafin in danna ya sake zubowa, ko ya juya kai. Zufa ta jiƙa ni. Can sai ƙaninsa ya shigo da wani ɗan tsako a hannu, tsakon ya kubce ya faɗa cinyar yayan, yaron nan ya saki wata dariya da dukkan jikinsa, kai ya tafi baya, ido ya rufe, haƙora duka waje. Na danna ba tare da na jira tsumma ba. Hannun uwar ma ya shigo ta gefe da tsumman. Na nuna mata a bayan kyamara na ce in ba ki so in goge yanzu a gabanki. Ta daɗe tana kallo, ta ce "haka yake dariya, mutane ba su sani ba, sun ɗauka bai san komi ba." Ta ce in wanke mata wannan, amma kar in sa shi a waya duniya ta gani. Shi ya sa ba za ku gan shi ba, kuma a ganina shi ne hoto mafi kyau da na taɓa yi tun da na fara riƙe kyamara.

Maganar sa wa a waya ɗin nan ba ƙarama ba ce. Akwai hoton yarinyar nan 'yar Afganistan mai koren ido, wanda aka ɗauka a sansanin gudun hijira a Pakistan a 1984 ya fito a bangon mujallar National Geographic a 1985, duniya kaf ta san fuskar, kowa ya fassara idon yadda ya ga dama, amma mai hoton ko sunanta bai sani ba sai 2002 da aka je aka nemo ta, ita kuwa duk tsawon shekarun ba ta taɓa ganin hoton ba. A Zamfara abin ya wuce nan ma, don su ma mutanen daji suna da waya, suna hawa TikTok. Ka sa fuskar mutum ka rubuta sunan ƙauyensu da abin da ya faɗa, kai ka koma Zariya ka kwanta, shi kuma wata rana zai koma gona ko kasuwar ƙauye a ce ga wanda ya yi magana. Don haka duk wanda na ɗauka sai na tambaye shi sau biyu, in ɗauka daban, in nuna daban, kuma da yawa sun ce e ga na farko a'a ga na biyu.

Wadda ta ce a'a ga duka biyun wata Bafulatana ce mai tallan nono kusa da tasha a Gusau, bayan na dawo. Kyakkyawar tsohuwa, ga tsagen baki ga azurfa a hannu, irin fuskar da mai hoto ke mafarki. Na sayi fura na zauna na yi ta zagaye, Inna kaza Inna kaza. Ta ce su ma an kwashe musu shanu, an kashe mata ƙane, amma a gari in ta wuce sai ta ji ana ce ga uwar ɓarayi, in ta koma ruga a ce me ta je faɗa wa mutanen gari. Ta ce "hotona ba shi da gidan zuwa, ɗana, sha furarka." Na sha. Ta ƙara min nono ludayi ɗaya ba ta karɓi kuɗinsa ba.

Takardar firinta ta ƙare min tun kafin in gama da mutanen kango, saura da yawa ban ba su nasu ba, har wata ta riƙe min jaka ta ce ba inda za ni, wato ni ma na zama irin waɗancan. Na rantse mata. Da na koma Zariya na kai aka wanke su manya a shago, na sa na Baba a firem, na ba direban Gusau ya kai wa abokina shi kuma ya raba.

Bayan kwana biyu sai ga kira da baƙuwar lamba, ashe Baba ne ya ari wayar wani. Muka gaisa, ya gida ya iyali ya hanya, na ce Baba hoto ya iso? Ya ce ya iso, an gode, Allah shi yi albarka, amma hular ta karkace ta hagu kuma ina gani ban faɗa masa ba, wane irin mai hoto ne ni. Ya ce in na tashi dawowa in zo ranar Juma'a da yamma, don ranar mai rigar ba ya bayar da ita sai an sauko daga masallaci, shi kuma yana so a sake yi da carbi a hannu.